Madubin da Na Zaɓa wa Idona

Ina shekara ta huɗu da fara tuƙa wani dattijo a Riyad bakina ya kusa yanka mini wuya. Dattijon shi ne kafilina, wato sunansa ne a kan igamata, takardar izinin zamana a ƙasar: in ya ce in zauna, na zauna, in ya ce in koma gida, sai haɗa kaya. Gidansa yana unguwar Nasiriya, tsohon gini mai dabino uku a tsakar gida. Ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ba shi da abin yi sai masallaci, da ziyarar abokai, da faɗa da likitansa a kan sukari. Aikina in kai jikokinsa mata biyu makaranta da safe, in ɗauko su da azahar, sauran yinin kuma in kai shi duk inda ransa ya so. Ammi nake ce masa, kamar yadda ake kiran dattawansu, wato baffa.

Wata rana muna dawowa daga bayan gari ya tambaye ni ko ana farauta a ƙasarmu. Da na ce masa e na ja bakina na yi shiru, da yau ba ni da abin rubutawa. Sai na gyara zama a bayan sitiyari na ce ai ni ɗin nan da yake gani jikan Sarkin Baka ne.

Wannan kam gaskiya ne. Kakana shi ne shugaban maharban garinmu, kuma har yau akwai tsofaffin da in an ambace shi sai sun jinjina. Abin da ban faɗa wa Ammi ba shi ne iyakacin gadona a sana'ar: riƙe wa kakan nawa gorar ruwa zuwa bakin gari, in juyo gida. Ran da ya taɓa harba bindigar toka ina kusa, a ƙarƙashin rumbu aka same ni. Amma Ammi ya nuna yana jin daɗin labarin, ni kuma Larabcina na direbobi ne, guntu-guntu, sai dai ƙarya ba ta buƙatar nahawu. Kafin wata guda duk barewar da kakana ya kayar ta dawo tawa. Ammi ya laƙaba mini suna sayyad, wato maharbi, har abokansa suka ɗauka, ni kuwa ina amsawa da faɗin ƙirji.

Labari ɗaya ne na kakana ban taɓa ba shi ba, don ba ya ƙara wa mai ba da shi tsayi. Da tsufa ya kama shi, wata safiya ya hango ja-ja a gindin sabara, ya saita ya harba, ashe ɗan maraƙin maƙwabcinsa ne. Ya je da ƙafarsa ya faɗa wa mai shi. Da ya dawo gida ya rataye bindigar a bangon zaure ya ce ido ya yi sallama, kuma bai sake sauke ta ba har ya rasu. Ba wanda ya sa shi.

Ni ma nawa idon ya fara yi mini sallama tun ina shekara ta biyu a gidan Ammi, amma na yi kamar ban ji ba. Abin kusa ina ganinsa garau. Na nesa ne ya koma kamar an shafa masa koko. Allunan kan hanya sai na zo ƙarƙashinsu nake iya karanta su, lokacin kuwa an riga an wuce kwanar. Sai na haddace garin kamar yadda ake haddace allo: gada ta nawa, fitilar hanya ta nawa, mafita ta nawa a babban titin da ya kewaye gari. Na ƙware har Ammi yana yabona a gaban baƙi, wai direbansa ba ya ko kallon allo. Bai san yadda ya faɗi gaskiya ba.

Abin da ya hana ni magana tsoro ne. Wani direba da muka sani, kafilinsa ya gano idonsa ya yi rauni, ba a yi wata biyu ba aka buga masa huruj, wato bizar fita ba dawowa. Ko idon ne dalili ko wani abu daban, ban bincika ba. Na dai san ina da mata da 'ya'ya huɗu a gida, ga mahaifiyata, duk a kan wannan sitiyarin suke ci. Bayan tsoron kuma akwai girman kai, wanda shi ne ya fi ba ni kunya yanzu. Jikan Sarkin Baka da tabarau? Ina!

Mutum ɗaya ne ya san halin da nake ciki, wani abokina Badamagare mai walda a unguwar Sulay, inda nake zuwa cin shinkafa bayan sallar Juma'a. Shi ma ba gaya masa na yi ba. Na shigo farfajiyar wurin aikinsu ne na hango shi tsaye can ciki, na ɗaga hannu na rangaɗa masa sallama har da tambayar iyali. Ashe doguwar tukunyar gas ce ya rataya wa hularsa. Shi yana bayana, ya riƙe ciki don dariya.

"Bakano," ya ce da ni bayan ya share hawaye, "ka je a yanka maka gilashi tun ba ka kai 'ya'yan mutane lahira ba."

Na ce, "Idona ƙalau. Tukunyar ce ta fi ka kama da mutum."

"To, ka ci gaba da gaisawa da tukwane. Rana dubu ta ɓarawo."

Na ci shinkafata na tafi, ina jin haushinsa don ya faɗi gaskiya.

A shekarar ne Ammi ya samu sabon abin so. Wani abokinsa ya kai shi filin harbi a bayan gari, inda ake koyon harbin nesa, mutum ya kwanta a kan tabarma ya saita wata takarda da ke can mita ɗari biyar ko shida. Ya dawo kamar yaron da aka saya wa keke. Ya yi takardun izini, ya sayi bindiga doguwa, saura madubin da ake ɗaura mata a sama don jawo nesa kusa, wanda su suke kira darbil. Wata safiya bayan na sauke yara ya shigo mota ya ce, "Mu je kantunan unguwar Ulaya, ya sayyad. Yau ranarka ce. Kai za ka zaɓa mini darbil."

Ban taɓa leƙa irin wannan madubin ba a rayuwata. Kakana ma da ya gan shi da sai ya ɗauka wata sabuwar algaita ce. Amma bakin da ya kashe barewa arba'in a cikin mota ba zai ce bai san madubi ba, sai na ce, "Abu mai sauƙi, Ammi."

Kantin na kayan farauta da zaman daji ne, cike da tantuna da butocin gahawa da 'yan hulunan da ake rufe wa shaho ido. Mai kantin wani ɗan Sham ne mai furfura a gashin baki, kuma mutum ne da ya san abin da yake sayarwa. Bai fara da nuna kaya ba. Ya tambayi Ammi nisan da zai riƙa harbi, da lokacin da yake zuwa filin, da ko a kwance yake yi ko a kan teburi. Sannan ya ɗauko madubai uku, ƙarami da matsakaici da wani ƙato mai baki kamar kwanon sha, ya ce shi dai shawararsa matsakaicin. Ya yi bayani a hankali: mai koyo ba girman jawowa yake buƙata ba, gilashi mai tsabta yake buƙata. Ƙaton yana da nauyi, wurin da yake nunawa ƙunci ne da shi, kuma duk abin da ya jawo sai ya jawo shi da aibinsa, har bugun zuciyar mutum sai ya gani yana kaɗa saitin. Ga zafin ƙasar nan, in rana ta ɗaga ba abin da za a gani a cikinsa sai iska tana rawa.

Ammi ya nuna ni da haɓa ya ce, "Bari gwani ya duba."

Mai kantin ya ɗora ƙaramin a kan wani marikin ƙarfe da ke fuskantar taga. Na sunkuya na kanne ido ɗaya kamar yadda nake gani a talabijin. Dishi-dishi, kamar kullum, sai dai dishi-dishin ya matso kusa. Na miƙe na taɓe baki na ce gilashin ba shi da kyau. Ya ɗora matsakaicin, shi ma haka. Na ce wannan ma da sauransa. Na ga gashin bakin mutumin ya motsa, sannan ya ɗora ƙaton. Daidai nan wayarsa ta yi ƙara, ya juya ya amsa.

Don in nuna wa Ammi hannuna ya saba, na kama wani zobe da ke bakin madubin ta wajen ido na fara murɗawa. Ban san aikinsa ba. Na murɗa, na ƙara murɗawa, har ya kai inda ba ya gaba.

Sai ga Riyad ta fito.

A tsallaken titi akwai wani dogon bene da ake ginawa. Can sama na ga wani lebura zaune a kan katako yana cin gurasa da shayi. Na ga safar hannunsa ta yage a babban yatsa. Na ga wata tattabara tana matsowa kusa da ƙafarsa, ya gutsura ya jefa mata. Shekara kusan uku ban ga abu mai nisa da bakinsa da gefensa ba, har na manta haka duniya take. Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido. Na daɗe a sunkuye har Ammi ya yi gyaran murya.

Na ce, "Wannan, Ammi. Sauran biyun kayan wasa ne."

Kuma da zuciya ɗaya na faɗa, nan ne abin dariyar. Ni a ganina na gano madubi na gaskiya a cikin na bogi. Ban san cewa da na murɗa zoben a kan ƙaramin ma haka zan gani ba. Mai kantin ya sake maimaita maganar zafi da rawar iska, na ce masa mu a dajinmu rana ta fi wannan, kuma ba mu taɓa ganin iska ta hana maharbi cin nama ba. Ya dube ni, ya dubi Ammi, ya mayar da ƙaton cikin kwalinsa yadda na bar shi.

Ranar Asabar muka nufi filin. Hanyar ba ta cikin haddata, don haka na wuce kwanar har sau biyu, na ɗora laifin a kan masu gyaran titi. Kafin mu isa hantsi ya dubi ludayi, ƙasa ta fara tururi. Mai kula da filin, wani tsohon soja marar yawan magana, ya ɗaura madubin a kan bindigar ya ɗaure shi tam. Ammi ya kwanta a kan tabarma da ƙyar, yana nishi, ya gyara tabaransa, ya sa ido.

"Ba na ganin komai," in ji shi. "Ko layukan saitin ma sun narke."

Na ce ya ba ni in duba. Na durƙusa na leƙa, ga layuka biyun nan da suka gitta juna siri-siri, baƙi wuluk, ga takarda can. Na ce, "Garau yake, Ammi. Ƙila tabaranka ne ya yi ƙura." Ka ji fa, ni ne nake tuhumar idon wani.

Ya goge tabarau ya sake dubawa, bai ga komai ba. Sai tsohon sojan ya matso ya leƙa sau ɗaya, ya kama zoben nan nawa ya fara mayar da shi baya, yana murɗawa yana murɗawa.

"Wa ya kai wannan ƙarshe?" ya tambaya. "Wannan zoben ba na nisa ba ne. Na daidaita madubi da idon mai harbi ne. Wanda ya saita shi haka, ba ya ganin abin da ya wuce tsawon ɗaki."

Na duƙufa ina kakkaɓe wata ƙura da babu ita a gwiwar wandona.

Ammi ya sake kwanciya. Yanzu layukan sun fito masa, amma maganar ɗan Sham ta tabbata: takardar tana ta iyo a cikin kawalwalniya, ta yi dama ta yi hagu. Ya harba biyar, ɗaya ce ta taɓa gefen takardar. Ya cire harsashin da ya rage, ya buɗe bindigar, ya zauna. Sannan ya ce in zo in leƙa. Na leƙa, koko ya dawo.

"Me ka gani?"

"Iska ce take rawa, Ammi."

"Bar darbil ɗin. Tashi tsaye." Ya nuna mini allunan da ke layin farko, mita ɗari kacal, kowanne da lambarsa a sama, rubutu manya-manya. "Wancan na gabanmu, lamba nawa ce?"

Na ƙanƙance ido har goshina ya yi ciwo. Na ga fari, na ga wani baƙi-baƙi a tsakiyarsa. Ina iya cewa ban gani ba, kuma da na faɗi haka da na rage wa kaina wani abu. Amma jikan Sarkin Baka sai ya ce, "Bakwai."

"Huɗu ce," in ji Ammi.

Ya tattara kayansa da kansa, bai bari na taɓa ko tabarmar ba. Da muka zo mota ya miƙo hannu, na ɗauka ƙofa yake so in buɗe masa, ashe makulli yake nema. Mutumin da ya yi shekaru bai tuƙa ba shi ya shiga bayan sitiyari, ni na zauna a gefensa kamar buhun da aka ɗauko daga kasuwa. Yana tafiya a hankali, hannu biyu a kan sitiyari, manyan motoci suna ta yi mana oda.

Mun yi nisa kafin ya ce, "Tun yaushe?"

"Shekara biyu." Sai na gyara: "Ta kusa uku."

"Kuma kullum da safe kana ɗaukar mini yaran."



"Ka ga bindigar nan," ya ce, idonsa na kan hanya, "sai da na cika takardu iri-iri kafin a yarda in riƙe ta, alhali takarda kawai take kallo. Kai kuma motarka kullum mutane take kallo."

Bai ɗaga murya ba, kuma na so a ce ya ɗaga. Da ya zage ni da na samu abin jin haushi in fake a bayansa. Sauran hanyar na yi ta ne ina haɗa kayana a zuci, ina tsara ƙaryar da zan yi wa matata a kan dalilin dawowata, don har a lokacin ban daddara ba.

Bai nufi Nasiriya ba. Ulaya ya kai mu, ya tsaya a ƙofar kantin ɗan Sham, ya sa na ɗauko ƙaton madubin na bi shi da shi a hannu. Ya ce a canza masa da matsakaicin. Mai kantin ya karɓa ba gardama, bai ko kalle ni ba, wanda hakan ya fi kallon ciwo. Daga nan Ammi ya taka da ni zuwa wani shagon masu gwada ido a layin, ya zauna a kujera yana jan carbi har aka gama. A allon gwajin, harafin sama kaɗai na iya karantawa, shi ma don ya kai girman tafin hannu ne.

Kwana uku kafin gilashin ya fito. A kwanakin nan ɗansa ne ya riƙa kai yaran makaranta, ni ina ɗakina na bakin ƙofa, ba wanda ya ce mini tafi, ba wanda ya ce zauna. Na kira Badamagare na gaya masa. Na shirya wa dariyarsa, amma sai ya ce, "Alhamdu lillahi da takarda ce ta tona ka, Bakano, ba gawa ba." Daga baya dai ya rama, don har na bar ƙasar yana tambayata lafiyar tukunyar gas.

A rana ta huɗu da safe Ammi ya fito ya miƙa mini makulli, ya zagaya ya zauna a gaba. Yaran suka shiga baya suna ƙus-ƙus a kan sabuwar fuskata. Na tayar da mota. Unguwar da na yi shekara huɗu a cikinta sai ta zame mini baƙuwa: ashe dabinon gidan maƙwabci yana da 'ya'ya, ashe shagon kan kwana wanki da guga ake yi a cikinsa.

Kafin makarantar akwai wata 'yar miƙaƙƙiyar hanya da na saba taka mota a kanta, don a haddata babu komai a wurin sai an kai ƙofa. Ranar na hango allo a gefen titi mai hoton yara biyu riƙe da hannun juna, da fararen layuka a kan kwalta. Allon ya tsufa, fentinsa har ya fara ɓarewa, ba jiya aka kafa shi ba. Ina cikin kallonsa sai wata 'yar ƙaramar yarinya mai jan jaka ta fito daga tsakanin motoci biyu da ke ajiye, kanta bai kai tsayin madubin gefensu ba, ta shiga titi ba ta duba ko'ina ba. Tun daga nesa na gan ta. Na taka birki a hankali, ta wuce abinta, ba ta ma san da mu ba.

Na sauke yaran. Na matsa gaba kaɗan na tsaya a gefen hanya. Ammi ya ga yarinyar kamar yadda na gan ta, ya san dalilin tsayawata.

A nan, mota tana tsaye, na ba shi labarin ɗan maraƙin, da bindigar da aka rataye a zaure. Na haɗa masa har da ƙarƙashin rumbu, da gorar ruwa, na mayar wa kakana barewarsa duka. Ya saurara har na gama, yana jan carbinsa.

"Kakanka maharbi ne," in ji shi. Ya nuna hanya da hannu. "Yalla, mu je gida."

Ya sabunta mini igama a shekarar, da wadda ta biyo baya, da wasu uku bayanta. Na ci gaba da kai shi filin harbi duk Asabar da sassafe kafin ƙasa ta yi zafi, ina zaune a inuwa da gilashina ina kallo yana huda tsakiyar takarda da madubin da na ce kayan wasa ne. Sai dai tun daga safiyar nan bai sake kirana sayyad ba, ko da wasa. Da sunana na yanka yake kirana, kuma sai da na yi kusan wata guda kafin in saba amsawa.